Yawan jama'ar Fagge da Sabon Gari

Fagge ƙaramar hukuma ce a Jihar Kano, kuma tana cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama babban birnin Kano. A cikinta ne ake samun tsohuwar unguwar Fagge, da Sabon Gari, da wasu daga cikin manyan kasuwannin arewacin Najeriya, wato Kasuwar Singa, da Kantin Kwari, da Kasuwar Sabon Gari wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, da kasuwar canji ta Wapa. Tana da mazaɓu 10: Fagge A, B, C, D da E, Kwaciri, Rijiyar Lemo, 'Yammata, Sabon Gari ta Gabas da Sabon Gari ta Yamma. Yanayin jama'arta ya sha bamban da matsakaicin Jihar Kano da na Najeriya ta fuskar cunkoso, da yawan maza a kan mata, da asalin mazauna, da kuma ratar da ke tsakanin masu kwana a wurin da masu wuni a cikinsa.

Ƙidayar 2006

Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006. Sakamakonta ya fito sau biyu: na wucin gadi da aka fara sanarwa, sai na ƙarshe da aka buga a jaridar gwamnati a 2009. Wannan ne ya sa ake cin karo da lambobi biyu na wuri ɗaya a littattafai. A sakamakon farko Fagge tana da mutum 198,828, a na ƙarshe kuma 200,095. Jihar Kano ta tashi daga 9,383,682 zuwa 9,401,288, Najeriya gaba ɗaya kuma daga 140,003,542 zuwa 140,431,790.

Idan aka raba jama'ar ƙasar a kan ƙananan hukumomi 774, kowacce za ta tashi da kimanin mutum 181,000. Idan kuma aka raba jama'ar Jihar Kano a kan ƙananan hukumominta 44, kowacce za ta samu kusan 214,000. Ke nan Fagge ta ɗara matsakaicin ƙasa, amma ba ta kai matsakaicin jiharta ba. A cikin takwas ɗin birni kuwa ita ce mafi ƙarancin jama'a. Ga yadda sakamakon farko ya nuna su, tare da faɗin ƙasarsu:

Nasarawa: mutum 596,669, murabba'in kilomita 34
Dala: mutum 418,777, murabba'in kilomita 19
Ungogo: mutum 369,657, murabba'in kilomita 204
Birni da Kewaye: mutum 365,525, murabba'in kilomita 17
Gwale: mutum 362,059, murabba'in kilomita 18
Kumbotso: mutum 295,979, murabba'in kilomita 158
Tarauni: mutum 221,367, murabba'in kilomita 28
Fagge: mutum 198,828, murabba'in kilomita 21

Jimillarsu mutum 2,828,861 ne a kan murabba'in kilomita 499. Wato kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen jihar suna zaune ne a kan ƙasar da ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na faɗin jihar ba.

Cunkoso

Ana auna cunkoso ta hanyar raba yawan mutane a kan faɗin ƙasa. Najeriya tana da murabba'in kilomita 923,768, don haka a 2006 kowane murabba'i ɗaya yana ɗauke da kimanin mutum 152. Jihar Kano, mai murabba'in kilomita 20,131, tana da kimanin 467, wato ninki uku na ƙasa. Fagge kuwa tana da kusan 9,500: ninki 20 na jihar, sama da ninki 60 na ƙasa.

Duk da haka Fagge ba ita ce kan gaba a birnin ba. Dala tana da kimanin 22,000, Birni da Kewaye kimanin 21,500, Gwale kuma ta haura 20,000 kaɗan, kowaccensu ta ninka Fagge sau biyu. Wanda ya taɓa neman hanyar wucewa a bakin Singa da hantsi zai yi mamakin wannan, amma dalilin a fili yake. Babban ɓangare na ƙasar Fagge ba gidajen kwana ba ne. Kasuwanni ne da ɗakunan ajiyar kaya da tashoshin mota, ga kuma barikin soja na Bukavu da manyan filayen gwamnati a ɓangaren arewa wajen filin jirgin sama. Lissafin cunkoso yana shimfiɗa mutane a kan duk wannan ƙasa daidai wa daida, alhali a zahiri an matse su ne a wasu layuka. A Sabon Gari gida ɗaya mai ɗakunan haya yana iya ɗaukar iyalai da dama da ke amfani da famfo ɗaya da banɗaki ɗaya, kuma matsakaicin ƙaramar hukuma ba ya nuna wannan ko kaɗan.

Maza da mata

A sakamakon ƙarshe na 2006 Najeriya tana da maza 71,345,488 da mata 69,086,302, wato maza 103 ga kowane mata 100. Jihar Kano tana da maza 4,947,952 da mata 4,453,336, wato maza 111 ga mata 100. A Fagge ratar ta fi ta jihar faɗi.

Abu biyu ake kawowa wajen bayanin wannan. Na farko ya shafi ƙidayar kanta: a gidajen da ake kulle, mai ƙidaya namiji ba ya shiga ciki, sai ya dogara da abin da maigida ya faɗa, kuma masana sun daɗe suna zargin cewa ana rage mata a lissafi ta haka. Na biyu ya shafi neman abinci, kuma shi ne ya fi ƙarfi a Fagge. Kasuwa tana jawo maza masu ƙarfin aiki waɗanda suka bar iyalansu a ƙauye ko a wata jiha: 'yan dako, masu tura kura, yaran shago, masu gadi, direbobi da yaran mota, da 'yan ci-rani da ke shigowa bayan an gama girbi su koma idan damina ta faɗi. A Sabon Gari ma akwai tsarin koyon kasuwanci na 'yan ƙabilar Ibo, inda yaro yake zama a hannun maigidansa na wasu shekaru kafin a sallame shi da jari, kuma mafi yawan waɗannan yara maza ne. Irin wannan rinjaye na maza abu ne da ake gani a unguwannin baƙi da na kasuwa a biranen Afirka ta Yamma da dama.

Masu wuni da masu kwana

Ƙidayar Najeriya tana lissafa mutum ne a inda aka same shi a ranakun ƙidaya, kuma a 2006 an taƙaita zirga-zirga, kasuwanni da dama suka kasance a rufe. Saboda haka lambar 200,095 ta masu kwana ce. Ba ta san da ɗan kasuwar da ke kwana a Kumbotso ko Ungogo ko Hotoro ya wuni a shagonsa na Singa ba, balle mai sari da ya taso daga Gusau ko Maiduguri ko Maraɗi ya yi lodi ya juya.

Kasuwar Singa, wadda sunanta ya samo asali daga kamfanin keken ɗinki na Singer, ita ce babbar cibiyar sarin kayan masarufi a Kano: sukari, fulawa, shinkafa, taliya, man girki, madara, sabulu da makamantansu. Daga nan 'yan tireda na jihohin arewa suke sayen kaya, haka ma 'yan kasuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru. Kantin Kwari yana yin irin wannan aiki a harkar atamfa da yadi. Yawan masu shigowa yana hawa yana sauka da lokaci: yana cika gab da azumi da salla, yana ja baya idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Wannan hawa da sauka tsohon hali ne na Kano. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo birnin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa da 30,000, ya kuma ce a watannin da fatake suke cika gari, daga Janairu zuwa Afrilu, adadin yakan kai kusan 60,000. Kafin shi Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ƙiyasta tsakanin 30,000 da 40,000. Bambancin da aka samu yanzu shi ne hawa da saukar da a da take ɗaukar watanni tana faruwa kullum tsakanin safiya da magariba.

Akwai kuma abin da ake kira ƙaurar ƙidaya. A 2006 shugabannin al'umma da gwamnatocin wasu jihohi sun yi ta kira ga 'ya'yansu da ke zaune a wasu wurare su koma gida a ƙirga su a can. Unguwa irin Sabon Gari, wadda yawancin mazaunanta suke da garin asali a wata jiha, ita ce ta fi saurin yin asara a irin wannan hali.

Asalin mazauna

Fagge ta girmi mulkin mallaka. Zango ce a wajen ganuwa inda ayarin Buzaye da sauran fatake masu raƙuma suke sauka, kuma har yau akwai gidajen da suke danganta asalinsu da Agadas da Damagaram da sauran garuruwan arewa. Sabon Gari kuwa ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa nan da nan, sai Turawa suka yanka fili a wajajen 1913 domin ma'aikatan jirgi, akawuna, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwar da ba 'yan ƙasa ba. An ware shi daga ikon sarki, yana ƙarƙashin jami'in Turawa, sai a 1940 aka mayar da shi hannun En'e ta Kano.

A farkon lamari Yarabawa da Nufawa suna cikin waɗanda suka fi yawa, tare da mutanen Saliyo da na ƙasar Gana ta yau. Sunayen tituna kamar Freetown, Gold Coast, Abeokuta, Warri da Enugu suna riƙe da wannan tarihi. 'Yan ƙabilar Ibo sun fara kwararowa sosai bayan da aka haɗa layin dogo na gabas da arewa, musamman bayan buɗe gadar Makurɗi a 1932, har suka zama mafi rinjaye a unguwar kafin samun 'yancin kai. A kudancin Fagge kuma aka zaunar da 'yan kasuwar Labanan da Siriya, kuma a yankinsu ne Kantin Kwari ya tsiro. Birnin gaba ɗaya ya tashi daga kimanin mutum 130,000 a ƙidayar 1952 zuwa kusan 300,000 a ta 1963, kuma unguwannin waje sun fi cikin ganuwa saurin girma.

Jama'ar Sabon Gari ba ta girma a miƙe ba. Rikicin Mayu 1953, wanda aka fi gwabzawa a tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya fara girgiza ta. Kashe-kashen 1966 sun sa kusan duk 'yan ƙabilar Ibo barin gari, wasu suka shiga gidajen da suka bari, sai bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970 suka fara dawowa. An sake ganin ficewar mutane bayan rikicin Oktoba 1991 da na Mayu 2004, da kuma bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012 da harin tashar motar New Road na 18 ga Maris 2013. Kowane karo wasu sun dawo, wasu sun mayar da iyali gida suka bar shago kawai. Masanin tarihi Ahmed Bako ya rubuta littafi a kan tarihin baƙin Sabon Gari, Rasheed Olaniyi kuma ya rubuta a kan Yarabawan Kano daga 1912 zuwa 1999.

Addini da ƙabila

A nan ne bambancin Fagge da sauran jihar ya fi fitowa a ido, kuma a nan ne babu lambar hukuma. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ko ƙabila ba, saboda tsoron rigimar da ta cinye ƙidayoyin baya: an soke ta 1962, an yi ta jayayya a kan ta 1963, gwamnatin Janar Murtala Muhammad kuma ta soke ta 1973 a shekarar 1975. Don haka duk wani kaso da aka ji ana faɗa na Kirista ko na wata ƙabila a Sabon Gari ƙiyasi ne na mai faɗarsa.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Jihar Kano mafi yawanta Musulmi ne masu magana da Hausa, kuma Sabon Gari ne wurin da Kiristoci da 'yan kudu suka fi taruwa a jihar, yayin da sauran mazaɓun Fagge suke kama da cikin birni. Wasu suna leƙa sakamakon zaɓe don su ga alama. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Peter Obi ya samu kusan kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa, amma a Jihar Kano ƙuri'a 28,513 kawai ya samu, ƙasa da kashi 2 cikin 100, kuma a Fagge ne ya fi samun su. Alama ce mai rauni, tunda ƙuri'a ba shaidar ƙabila ba ce, kuma da yawa daga mazauna unguwar suna da rajista a jihohinsu.

Haihuwa, mutuwar yara da talauci

Binciken lafiya da yanayin iyali na ƙasa, wanda aka fi sani da NDHS, an tsara shi ne don ya ba da sakamako a matakin jiha, bai sauka zuwa ƙaramar hukuma ba. A binciken 2018 matsakaicin haihuwa a Najeriya shi ne 'ya'ya 5.3 ga kowace mace. A Jihar Kano 6.5 ne, a Katsina 7.3, a Legas 3.4. A ƙasa baki ɗaya matan birni suna da 4.5, na karkara 5.9. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna na ƙasa ya sauko zuwa 4.8, wanda har yanzu ya ninka matsakaicin duniya na kimanin 2.3. A maƙwabta, binciken Nijar na 2012 ya ba da 7.6. A ɓangaren mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5, binciken 2018 ya nuna 132 cikin kowane 1,000 da aka haifa a ƙasar, a Jihar Kano kuma 164.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki lambar jiha a liƙa wa Fagge. Kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen jihar suna wajen ƙananan hukumomin birni, don haka lambar 6.5 ta fi bayyana Sumaila ko Tsanyawa fiye da layin France Road. Wuri mai yawan maza marasa iyali a kusa, da iyalai daga jihohin da haihuwa ta yi ƙasa, ana sa ran kason yaransa ya gaza na jihar. Haka nan Fagge A ko Rijiyar Lemo ba za su yi daidai da Sabon Gari ta Gabas ba, ko da yake ƙaramar hukuma ɗaya ce.

Talauci ma haka. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum a shekara, ya samu kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa a ƙarƙashinsa. Jihar Kano tana da 55.1, Sakkwato 87.7, Legas 4.5. Amma a ƙasa baki ɗaya birane suna da kashi 18 ne, karkara kuma 52.1, kuma wannan rata ta fi ta Kano da ƙasa girma. Dukiyar da ke juyawa a Singa da Kwari kuma ba ma'aunin halin mazauna ba ce, domin yawancin manyan 'yan kasuwar ba a Fagge suke kwana ba, ɗan dakon da ke kwana a baranda shi ne ƙidaya take samu.

Kasafi da wakilci

Lambobin nan suna da kuɗi a bayansu. A tsarin rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi da tsakanin ƙananan hukumomi, yawan jama'a yana ɗaukar kashi 30 cikin 100, daidaito kashi 40, sauran kuma faɗin ƙasa da yanayinta, da ayyukan jin daɗin jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Fagge tana da ƙarancin jama'a a takarda da ƙarancin faɗin ƙasa, amma shara da magudanan ruwa da hanyoyi da haɗarin gobara na jama'ar wuni ne. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta nuna girman abin da ke jibge a wannan ɗan fili. Masu tsara rigakafi da gadajen asibiti da ajujuwan makaranta su ma daga lambar ƙidaya suke farawa.

A wajen wakilci kuwa lissafin ya juya ya yi wa Fagge daɗi. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, wato kujera ɗaya ga kimanin mutum 390,000 bisa ƙidayar 2006, kuma Jihar Kano da kujerunta 24 tana daidai da wannan matsakaici. Fagge ita kaɗai mazaɓar tarayya ce, da mutum 200,000, kusan rabin matsakaicin ƙasa. Nasarawa mai kusan 600,000 ita ma kujera ɗaya gare ta.

Muhawarar Kano da Legas ta yi zafi bayan wannan ƙidaya. An ba Legas 9,113,605, ƙasa da Kano da mutum 287,683, alhali tun 1991 an cire Jigawa daga Kano, ita ma ta samu 4,361,002. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Masu goyon bayanta suna nuna rajistar zaɓe, inda a 2023 Legas take da 7,060,195, Kano kuma 5,921,370. Masu kare lambar Kano suna amsawa da cewa rajista ta 'yan shekara 18 zuwa sama ce, kuma jihar da mace take haihuwar 6.5 dole yaran da ba su isa zaɓe ba su fi yawa a cikinta fiye da jihar da ake haihuwar 3.4.

Hasashe bayan 2006

Duk lambar da aka bayar bayan 2006 hasashe ce. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi amfani da ƙaruwar kusan kashi 3.2 cikin 100 a shekara, wadda take ninka jama'a cikin kimanin shekara 22. A hasashen 2022 Najeriya ta kai kusan miliyan 217, Jihar Kano kuma kimanin miliyan 15.5. Idan aka ɗora ma'aunin jihar a kan Fagge ana samun kimanin 329,000, kuma ita ce lambar da ake yawan gani a intanet.

Raunin wannan hanya shi ne tana ɗauka cewa kowace ƙaramar hukuma tana girma da gudu ɗaya. A Fagge ana rushe gidajen zama ana gina shaguna da rumbunan ajiya a kewayen Singa da Kwari da titin Ibrahim Taiwo, mazauna suna komawa bayan gari, yayin da Ungogo da Kumbotso suke cika da sababbin unguwanni a inda a da gonaki ne. An shirya sabuwar ƙidaya da za a yi da na'urorin hannu da taswirar tauraron ɗan'adam a watan Mayu na 2023, amma gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta kwanaki kaɗan kafin a fara.